Mainasara da Allon Fataken Sama

Shekara ashirin da tara Mainasara ya yi yana aiki a tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, inda layin dogo ya ƙare. Aikinsa juya layi da ba jirgi hannu da tuta. Dogo ne siriri, mai ɗan tsamurarren gemu, ba shi da yawan magana sai an taɓo abin da ya dame shi. Waɗanda suka san shi a shekarun farko suna tuna shi da kakinsa da kullum yake a goge. Waɗanda suka san shi daga baya kuwa, da allon nan kawai suke tuna shi.

Ɗan Kasuwar Daji ne, gidan manoma gero da dawa. Yana ajin ƙarshe a firamare aka kawo majigi filin makaranta, aka nuna wasu Turawa cikin fararen kaya masu kumburi suna tsalle a kan wata. Dattawa suka ce ƙarya ce, a bayan wani gari aka ɗauka. Mainasara bai yi musu da kowa ba. Ya dai roƙi malaminsu ya ara masa littafin da ke da zanen rana da duniyoyin da ke kewaya ta, ya kwafe zanen kaf a bayan littafin lissafinsa.

A makarantar nan ya yi abokai biyu da ya riƙe har tsufa. Akwai Labbo, mutumin Shinkafi, wanda bai gama ba, ubansa ya janye shi ya kai shi kara, ya zama dillalin shanu mai babbar murya da dariyar da ake ji daga nesa. Akwai Nuhu, ɗan limami a Zurmi, mai sanyin hali da kyan rubutu, wanda ya ci gaba da karatu ya samu aiki a kotu.

Lokacin da Mainasara ya kama aiki, jirgi kullum yake shigowa. Daga baya ya koma sau biyu a mako, daga nan ya koma sai ran da aka gan shi. Ma'aikata suka yi ta zama a inuwar tasha, wasu suna dara, wasu suna gyangyaɗi. Shi kuwa sai ya tsinci ƙofar wani tsohon kabad a sito, ya kai ta gidansa na kwatas, ya shafe ta da baƙin fenti, ya zana duniyoyi talatin da shida da fari da ja da shuɗi, ya haɗa su da siraran layuka.

Ya sa wa wasan suna Fataken Sama. Labarinsa shi ne rana ta tsufa ta fara hucewa, mutane sun rabu gida uku, kowane gida da kumbonsa, wato jiragen da ke ratsa sama, suna neman wurin zama. Wata duniyar akwai ruwa babu ƙarfe, wata akwai ƙarfe amma ba ta fid da ko tsinken ciyawa. Dole ka yi fatauci ko ka yi yaƙi. Wanda ya fara riƙe duniya bakwai masu ruwa shi ya ci. Marafan kwalba su ne kumbo, ƙwallon dabino shi ne hatsi, ƙananan ƙusoshi ƙarfe. Tsofaffin tikitocin jirgi masu kauri kuma ya rubuta musu abubuwan da kan faɗa wa matafiyi, irin su guguwa da annoba da tsintuwa. In kumbo biyu suka gamu za a yi faɗa, sai a watsa wuri shida a kan tabarma, a ga nawa suka faɗi baki sama. Babu littafin doka. Dokokin suna kansu su uku, tare suka yi ta gyara su da gardama har suka zauna.

Asabar ɗin farko ta kowane wata suke haɗuwa. Labbo ya biyo motar shanu daga Shinkafi da ƙullin kilishi, Nuhu ya taho a babur ɗinsa daga Zurmi. Su shimfiɗa tabarma a barandar Mainasara tun hantsi, ba abin da ke tashinsu sai salla da abinci. Wasa ɗaya yakan kai su la'asar ɗin Lahadi. Matar Mainasara, Saliha, malamar lissafi ce a firamare. Ba ta zama da su, sai dai ta aiko da hoce da kunu, amma a tsakiyar mako, in ta taso daga makaranta, takan yi wasan da mijinta su biyu, kuma sau da yawa ita ke cinye shi.

Kowa da irin wasansa. Nuhu yakan tara hatsi, ya ƙulla amana da kowa, ba ya faɗa sai dole. Mainasara yakan yi shiru yana lissafi. Labbo kuwa ba ruwansa da lissafi, kwashe kumbonsa yake yi gaba ɗaya ya afka wa wanda ya fi kusa. Yawanci kafin azahar ɗin Lahadi an gama da shi. Amma wata rana, saura masa marfin kwalba ɗaya tak, ya shiga babbar duniyar Mainasara mai kumbo tara, ya watsa wuri sau uku a jere kowane jifa ya zo masa yadda yake so, ya karɓe ta. Ya miƙe ya yi rawa a baranda har hularsa ta faɗi. Shekara da shekaru yana ba da labarin nan a kara, ga mutanen da ba su san me ake kira kumbo ba.

Kusan shekara tara suka yi a haka.

Da aka ba Zamfara jiharta a 1996, an yi murna a tasha kamar ko'ina, har ana cewa yanzu kam jirgi zai dawo. Jirgi bai ƙaru ba. Abin da ya ƙaru shi ne aikin Nuhu. Aka yi masa ƙarin girma ya zama rajistaran kotu, kullum yana hanyar Gusau da fayil a jaka. Haɗuwar wata-wata ta koma sai bayan wata biyu, wani lokaci uku. Yana zuwa kuma yana duban agogo.

Ran da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, Mainasara yana cikin waɗanda suka cika mota suka tafi, ya yi kabbara har muryarsa ta dishe. Bai taɓa kawowa a ransa abin zai shafi allonsa ba, tunda ba su taɓa aza komai a kan wasan ba.

Bayan 'yan watanni, wata Laraba da hantsi, yana baranda yana sabunta fentin wata duniya, sai wata tsohuwa ta yi sallama. Sunanta Tani, tana sai da ƙuli-ƙuli a bakin kasuwar hatsi. Ta durƙusa ta ajiye goro huɗu a ganye.

"Malam, wurinka niz zo," in ji ta. "An ce mani kana watsa wuri bisa taurari. Ɗana shekara huɗu ke nan da tahiya Kurmi, ba wasiƙa ba saƙo. Ka duba mani, yana raye?"

Mainasara ya ajiye burushi.

"Inna, wa yac ce maki haka? Wasa na, wallahi. Kamar dara."

"Dara da taurari?"

Ta matso tana kallon allon, ta nuna wata jar duniya da ke can gefe ita kaɗai.

"Wagga ja fa, mi take nuhi?"

"Ba ta nuhin komi, Inna. Ƙarhe ke cikinta, babu ruwa."

"Babu ruwa," ta maimaita a hankali.

Ya yi ta yi mata bayani, yana rantsuwa, yana nuna mata marafan kwalba. Duk abin da ya faɗa sai ya ga fuskarta ta ƙara sauka. Ta riga ta yanke cewa ya ga mugun abu ne yana ɓoye mata. Ta tashi tana share ido da bakin mayafi, ta ƙi ɗaukar goronta. Ranar Mainasara bai iya cin abinci ba. Sai a lokacin ya gane abin da maƙwabta ke gani in sun wuce: maza uku a kan baƙin allo mai taurari, suna watsa wuri, suna shiru, suna ihu.

Asabar ɗin da ta biyo baya Nuhu ya zo, amma bai kwance jakarsa daga babur ba. Ya zauna a bakin tabarma, suka gaisa, ya daɗe yana murza hularsa.

"Baba ya kira ni," ya ce. "Bai ce caca muke ba, ya san ba mu aza komi. Amma ya ce jihwan wurin ga bai dace da mai riƙon takardun kotu ba. Gobe a kawo ɗan caca gabanmu, shi buɗe baki shi ce ai rajistara ma yana watsa wuri Kaura. Mi zan ce?"

Labbo, wanda ya riga shi isowa, ya fara faɗa, Mainasara ya ɗaga masa hannu.

"In na hidda wurin fa, Malam Nuhu?"

"In babu jihwa, babu magana."

"To ku ba ni wata biyu."

Wata goma sha huɗu ya yi. Da ya cire wuri, sai ya zama dole a sami abin da zai raba faɗa. Ya zana jadawali: kumbo kaza da ƙarfe kaza a kan kumbo kaza, ga wanda ya ci, ga abin da kowa ya rasa. Da ya gwada, sai ya ga mai ƙarfi kullum shi ke ci. Sai ya ƙirƙiro Majalisar Fatake, inda raunana biyu za su iya haɗa kai su ɗaure hannun mai ƙarfi. Majalisa kuma tana son dokar zama da dokar ƙuri'a da dokar ɗaukaka ƙara. Da ya sa waɗannan, sai duniya talatin da shida suka yi kaɗan, kowa yana taka ƙafar kowa. Ya je wurin kafinta aka yanko masa falanki, ya haɗa shi da tsohon allon da ƙarfen ƙofa, ya zana wasu duniyoyi arba'in. Tsofaffin layuka ba su dace da sababbi ba, sai ya bi su da baƙin fenti ya ja wasu. Tikitocin guguwa da tsintuwa ma sa'a ce, ya kankare rubutunsu da reza ya rubuta musu muƙaman majalisa. Wurin nan shida ya jefa su a masai. Dokoki suka cika littafin rubutu biyu masu kauri. Duka wannan ya kira shi Ƙari.

A cikin watannin nan ya rame. Yakan tafi tasha da littafi a aljihu, ya zauna gindin ƙarfen juya layi yana rubutu. Amma bai taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba. Gani yake abin da ya yi a da wasan yara ne, yanzu ne ya gina abu na gaske, wanda ba wanda zai kira shi caca ko duba.

Saliha ta gwada da shi sau uku, kowane gwaji suna barinsa a rabi. A na uku ta ajiye ƙwallayen dabinonta ta dube shi.

"Malam, tun zagaye na biyu na san wanda za ya ci."

"Ai shi ne adalci. Wanda ya hi shiri shi ci."

"Adalci na, ban musa ba. Amma in mutum ya san an cinye shi tun sahe, mi za ya zaunar da shi har gobe?"

Ya ce ta yi gaskiya. Ya ɗauki biro ya ƙara doka mai shafi huɗu a kan yadda wanda ke baya zai nemi tallafin majalisa. Saliha ta kalli shafukan, ta tashi ta ɗora tukunya.

Bayan girbin 2001 ya aika wa abokansa. Dukansu suka zo, kuma da murnarsu. Labbo ya rungume shi har ya ɗaga shi sama. Da aka buɗe allon ya cika barandar, sai da Nuhu ya zauna a dokin ƙofa. Suka yi ta yaba zanen. Mainasara ya buɗe littafi na farko ya fara karatu.

Ana kiran azahar bai gama ba. Labbo, wanda karatun bokonsa bai wuce na rasit ba, ya yi hamma ya fi a ƙirga. Bayan salla aka fara. Da yi ya zo kan Labbo, ya tattara marafan kwalbarsa duka kamar yadda ya saba, ya tura su duniyar Mainasara, ya miƙa hannu yana neman wuri, sannan ya tuna. Nuhu ya ɗauki jadawali ya bi da yatsa.

"Bakwai bisa tara, ƙarhenka biyu nashi biyar. An kashe maka shida, ɗaya ya gudu."

"Ban ko jehwa ba!"

"Babu jihwa, Labbo."

"Wato tun kahin in tashi an san na mutu?"

"Da ka duba jadawali da ka sani," in ji Mainasara.

"To in na sani, mi za ya tashe ni?"

Daga nan Labbo bai ƙara kai hari ba, ba wanda ya ƙara kaiwa. Kowa ya duba jadawali ya ga ba riba, ya zauna yana tara ƙusa. Aka shiga majalisa. Nan Nuhu ya ɗan farfaɗo, ya kama Mainasara da saɓani tsakanin doka ta goma sha tara da ta arba'in da ɗaya, suka yi awa guda a kai. Can ya cire tabarau ya murza ido, ya yi 'yar dariya.

"Ka san wani abu? Wanga shi ne aikin da na baro ohis."

La'asar ɗin Lahadi ta same su a zagaye na huɗu. Ba wanda ke riƙe da duniya mai ruwa fiye da biyu, sabuwar doka kuma ta ce sai goma sha biyar. Suna ɗaura takalma, Mainasara ya yi ƙarfin hali ya tambaya.

"To, ya kunka gani? Ya hi na da?"

"Ya hi tsari," in ji Nuhu. "Ƙwarai ya hi tsari."

Labbo ya daɗe yana kakkaɓe rigarsa kafin ya yi magana, kuma ba da babbar muryarsa ba.

"Mainasara, ni ba ni da ilimin ku. Na da, wawa irina yana iya cin mai wayo sau ɗaya a shekara, kuma don wannan sau ɗayan nike hawo motar shanu. Wanga kuwa naka na kai kaɗai. Ka yi aiki, Allah ya sani. Amma ba ni cikinshi."

Suka rabu a kan za a bar allon yadda yake, a ci gaba wata mai zuwa. Mainasara ya rubuta inda kowane marfi yake, ya lulluɓe allon da tsohon zani. Wata mai zuwa Labbo ya aiko direba ya ce ya shiga Nijar sayen shanu. Wata na gaba aka mayar da Nuhu Gusau gaba ɗaya.

Mainasara bai yarda abin ya mutu ba. Ya ce matsalar tsawo ce, tsawo kuma ana gyara shi. Ya sayi littafi na uku ya rubuta masa Taƙaitawa a bango, ya cika shi da dokokin da za su rage wasan zuwa yini ɗaya. Wata Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, ya hau mota ya tafi da shi.

Ya sami Labbo a kara, cikin ƙaho da ihu. Labbo ya yi murna da gaske, ya ja shi rumfa, ya sa aka kawo fura da nama. Da ciniki ya lafa, Mainasara ya fiddo littafin ya fara karanta masa. Labbo yana cewa "awo, awo," amma idonsa na kan ƙasa, inda wani Buzu ya tona ramukan dara. Aka ce ya zo ya karɓi hannu, ya ce wa Mainasara ya ci gaba yana ji. Kafin Mainasara ya gama shafi uku, Labbo ya yi wasa biyu, an cinye shi ɗaya ya ci ɗaya, yana dariyar nan tasa. Mainasara ya rufe littafin ya mayar aljihu. Labbo bai lura ba sai da Mainasara ya miƙe zai tafi, ya raka shi har tasha ya cika masa leda da nama.

Da babbar salla ya je Zurmi, ya sami Nuhu ya zo gida hutu. Nuhu ya karanta Taƙaitawa tun daga farko har ƙarshe, ya gyara masa kalma biyu, ya ce ai ana iya yi ta wasiƙa, kowa ya rubuto tafiyarsa a ba direbobin Gusau. Wasiƙa ta farko ta zo bayan mako uku, ta biyu bayan wata huɗu. Ta uku gaisuwa ce da labarin haihuwa, babu maganar kumbo a ciki.

A 2005 Mainasara ya ajiye aiki, ya miƙa makullin kwatas, suka koma gidansu na Kasuwar Daji. Saliha ta samu canji zuwa wata firamare a can. Ɗakin da ya gada ƙarami ne, allon ba ya buɗuwa a ciki, sai aka jingine shi a zaure bayan buhunan gero. Ya koma gona da fartanya, abin da rabonsa da shi tun yana yaro, tafin hannunsa ya yi ta fashewa.

Da daminar shekarar da ta biyo baya, wata Asabar da hantsi, ɗan kabu-kabu ya sauke wani mutum a ƙofar gida. Labbo ne. Ciwon suga ya cinye rabin jikinsa, yana dogara sanda, ƙafa ɗaya a naɗe da tsumma. Bayan sun gaisa ya sha ruwa, ya sa hannu a aljihu ya zube wani abu a tabarma. Wuri ne guda shida.

"Wurin masu kayan koli na saye su," ya ce. "Ba rajistara nan, ba mai leƙe. Hiddo tsohon mu yi, ni da kai. Likita ya ce ƙahwar ga sai an yi mata aiki, na ce bari in zo tukuna."

Mainasara ya janye buhuna, ya jawo allon, ya kwance ƙarfen da ya haɗa su, ya kwantar da tsohon ɓangaren a ƙasa. Duniyoyin suna nan, amma layukan duk sababbi ne. Ya ɗauko wuƙa ya fara kankare baƙin fenti a hankali ko tsofaffin za su fito. Fentin ya taso gaba ɗaya, sabo da tsoho, sai farin katako. Ya gwada wani wuri, haka. Ya buɗe gwangwanin tikitoci, kowanne an rubuta masa Shugaban Majalisa ko Mai Tsawatarwa.

"Ba komi," in ji Labbo. "Mu ja layin da gawayi. Ai muna tune."

Ba su tune ba. Labbo ya ce akwai hanya daga farar duniyar tsakiya zuwa shuɗiyar kusurwa, ta nan ya bi ran da ya yi rawa. Mainasara ya ce bai taɓa jan layi a nan ba. Labbo ya ce kumbo gida uku yake tafiya, Mainasara ya ce huɗu, sannan ya yi shakka ko huɗun dokar Ƙari ce. Duk dokar da ya lalubo a kansa sai ta zo masa da lambarta da shafinta, daga littattafan nan uku. Ya ƙwala wa Saliha kira, ta tsaya bayan ƙofar zaure suka gaisa da Labbo. Ta ce ita dai ta san biyu ne in kumbo na ɗauke da hatsi, biyar in babu kaya, amma wannan na mutum biyu ne da suke yi da Malam, ba ta san na mutum uku ba.

Suka yi abin da za su iya. Suka ja layuka da gawayi, suka raba marafai. Bayan kamar awa ɗaya kumbonsu suka gamu. Labbo ya tattara wurin a tafinsa, ya girgiza, ya watsa. Biyar suka faɗi baki sama. Ya buɗe baki zai yi ihu, sai ya tsaya.

"Biyar ci na, ko sai shida?"

Mainasara ya kalli wurin.

"Ban sani ba, Labbo."

Labbo ya yi dariya kaɗan. Suka zauna suna kallon allon, kaji na shiga suna fita. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Labbo ya ce gara ya kama hanya kafin ruwa ya jiƙa masa ƙafa. Mainasara ya tallabe shi ya hau babur. An yanke ƙafar a wannan shekarar, Labbo bai ƙara fita daga Shinkafi ba. Mainasara ya je duba shi sau biyu, suka yi hirar farashin shanu da ta ruwan sama.

Ajin da Saliha ke koyarwa ba shi da allon kirki, sai ta tambaye shi ko zai ba ta falankin Ƙari. Ya ce ta ɗauka. Shi da kansa ya shafe duniyoyi arba'in ɗin da baƙin fenti ya kai mata a ka. Tsohon ɓangaren ya ci gaba da zama a zaure, gara ta kama shi ta ƙasa.

Haɗuwarsa ta ƙarshe da Nuhu a Zurmi ce, wurin ta'aziyyar liman, mahaifin Nuhu. A lokacin yanar ido ta fara rufe wa Mainasara ido ɗaya. Da jama'a suka ragu, Nuhu ya matso kusa da shi, ya yi furfura, ya yi ƙiba.

"Ka san har yau ina tuna Ƙarin nan," ya ce. "Ina ganin da mun daure mun kai shi ƙarshe, wataƙila da mun ga ya hi na da. Kai mi ka gani?"

"Ban sani ba, Malam Nuhu. Ba wanda ya taɓa kai shi ƙarshe. Har ni."

"Littattahan suna nan?"

"Suna cikin akwati."

"Ka kawo mani su Gusau. Akwai mai buga mana takardu da kwamfuta, sai in sa a buga maka su tsab, a yi masu bango."

Mainasara ya ce to, ya yi godiya. Aka kira Nuhu ya tarbi wasu baƙi da suka iso daga Sakkwato, shi kuma ya lalubi takalmansa a cikin tarin da ke ƙofar zaure, ya nufi tasha. Bai kai littattafan ba, Nuhu kuma bai sake tambaya ba.